NVDA: manhajar da ke ba makaho damar aikin ofis

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Sai dai da an zo kan masu larurar gani, uzurin bai wuce ɗaya ba: yaya za su yi da kwamfuta? NVDA ta isa amsa.

Manhaja ce mai karanta abin da ke kan allon kwamfuta da murya. Michael Curran ya fara ta a 2006 a Ostireliya, James Teh ya shigo daga baya, dukansu makafi ne. Kyauta ce, alhali JAWS, wata manhaja irinta, sai an biya. A Windows kawai take aiki.

Bayan an girka ta, danna maɓallan Control da Alt da N tare ne ke tayar da ita, Control kaɗai kuma ya tsayar da maganarta. A shafin intanet, H na tsallakawa daga kanun magana zuwa na gaba. A Excel, Insert da Shift da C na nuna mata layin sunayen ginshiƙai, sai ta riƙa faɗin "albashi" ko "suna" kafin lamba. Mai aikin lissafi ba zai ɓace a tebur ba. Ana iya ɗaukarta a filash, amma wannan kwafin ba ya karanta shafin shigar da kalmar sirri ta buɗe kwamfuta, don haka a ofis a girka ta sosai. A tanadi abin sauraro na kunne saboda abokan zama.

Mafi yawan cikas daga takardun ofis yake fitowa. Takardar da aka ɗauki hotonta aka mayar PDF, a wajen NVDA hoto ce kurum. Insert da R na ƙoƙarin gano rubutun, amma in hoton ya dushe ko an buga hatimi a kan rubutu, kalmomi sukan gurɓace. Maɓallin kan allo da ba a sa wa suna ba, "maɓalli" kawai za ta ce. Abin takaici, shafin neman aikin ma yakan zo a haka, har da hoton haruffan tantancewa da ba shi da sauti, mai nema ya faɗi tun kafin ganawa. Muryar Turanci kuma tana kwaɓa Hausa, musamman ƙ, ɗ da ɓ.

Ma'aikata ta aika takardu a Word mai kanun magana na gaske, ta kuma sa ma'aikacin da kansa ya gwada kowace sabuwar manhaja kafin a saya.