Kwas ɗin da ya kai ni kujerar dama, ta mataimakin matuƙin jirgin sama: horon ya yi, amma maganar samun aiki ku bi a hankali

Taurari huɗu cikin biyar na ba wannan cibiyar horon matuƙa, kuma tauraron da na cire ba a kan koyarwa na cire shi ba, a kan alkawarin aiki ne da suke cika talla da shi. Ba zan kama sunansu ba don akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma duk irin waɗannan cibiyoyi kusan tsarinsu ɗaya ne, wanda ya karanta wannan zai iya auna kowacce da shi.

Abin da na saya a wajensu fakiti ne guda: kwas ɗin MCC wanda ake koya maka tuƙi ku biyu a kokfit, sai horon nau'in jirgi a kan Airbus A320, sai tashi da sauka da jirgin gaske, sai abin da suka kira taimakon neman aiki. Wannan fa ba na ɗan koyo ba ne, kafin su karɓe ka sai kana da lasisin CPL, wato na tuƙin jirgi a matsayin sana'a, da izinin tuƙi da na'urori cikin gajimare, da na jirgi mai injin biyu, ka ci jarabawar rubutu ta ATPL, wato babban lasisin tuƙa jiragen fasinja, a tsarin Turai na EASA takardu 13 ne kuma kowacce sai ka samu kashi 75, ga takardar lafiya aji na ɗaya, ga Turanci aƙalla mataki na 4 a ma'aunin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Yawancinmu da awa 200 da ɗoriya muka shigo, a ƙananan jirage inda kai kaɗai ne kake komai, kai ne mai tuƙi kai ne mai rediyo kai ne mai taswira. Cikakken ATPL kuwa sai ka tara awa 1500, to wannan kwas shi ne gadar da ke tsakani.

Ɓangaren aji shi ne mafi rauni, gaskiya. Kwamfuta suke ba ka su bar ka da ita kwana da kwanaki, kana kallon hotunan bututun haidirolik uku na A320, kore da shuɗi da rawaya, kana danna gaba gaba, malami sai can ƙarshe yake shigowa amsa tambayoyi. Abu kamar yadda kwamfutar jirgin ke sauka daga dokarta ta yau da kullum zuwa ta madadin har zuwa ta kai tsaye, da irin kariyar da kake rasawa a kowane mataki, wannan ba abin da za a bar wa allo ba ne, yana buƙatar mutum a tsaye yana zana maka yana yi maka tambaya. Mu da abokin horona muka riƙa zama muna yi wa juna, da hoton kokfit manne a bango muna taɓa maɓallai da yatsa har hannu ya hardace. Ya yi amfani, amma kuɗin da aka biya ya fi ƙarfin haka.

Simuleta kuwa, wato na'urar da ke kwaikwayon kokfit da tafiyar jirgi, babu abin cewa, matakin D ce, mafi girma kenan, tana motsi a kan ƙafafunta, in ka taka birki za ka ji jikinka ya yi gaba, in taya ta taɓa titi da ƙarfi bayanka zai gaya maka. Zama ɗaya awa huɗu ne, biyu kana tuƙi biyu kana sa ido da rediyo da cheklis, kafin nan akwai bayani, bayan nan akwai zaman warware kurakurai. Sun matsa mana sosai a kan mutuwar injin a daidai gudun V1, wato gudun da in ka wuce shi babu tsayawa sai tashi, jirgi ya fizgi gefe ɗaya kai kuma ka danna ƙafa ka riƙe shi a tsakiyar titi ka ɗaga hancinsa a hankali, ana maimaitawa ana maimaitawa har ƙafa ta fara yi kafin kai ya gama tunani. Matsala ɗaya, lokutan rana kamfanonin jirage ne suke kwashewa, mu masu biya da aljihunmu sai a jefa mu tsakar dare ko kafin asuba, kuma ba a gaya mana haka ba lokacin biyan kuɗi. Aikin kansa ma haka yake da tashin dare, na yarda, amma ɗalibi da yake ganin abu karon farko ya kamata a ba shi ko da rabin zamansa da rana.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba, malaman MCC. Tsofaffin kyaftin ne waɗanda suka ajiye aiki, kuma abin da suka fi damuwa da shi ba santsin saukarka ba ne, bakinka ne. Malami zai zauna a kujerar hagu ya zama kyaftin ɗinka, da gangan ya sa tsayin da ba shi masu ba da umarni daga hasumiya suka bayar ba, ko ya tsallake layi ɗaya a cheklis, ko ya taho sauka da gudu fiye da kima, yana haɗe rai yana amsa ka a gajarce, yana jiran ya ga ko za ka yi magana. Wallahi abin da wuya, mutum mai furfura da awa dubbai a littafinsa, kai da 'yar awa ɗari biyunka ka buɗe baki ka ce kyaftin ba haka aka ce ba, duk wanda ya tashi da girmama na gaba ya san nauyin da harshe ke yi a wannan lokacin. Sai ka ji zuciya na ce maka ƙila ni ne ban ji daidai ba, ƙila ya san abin da ban sani ba, kafin ka gama wannan shawara jirgi ya ci mil biyu.

Ba su bar mu da wa'azi kawai ba, sun zaunar da mu a kan haɗarin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, 27 ga Maris 1977, jiragen Boeing 747 biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, har yau babu haɗarin jirgin sama da ya kai shi. Injiniyan da ke kokfit ɗin KLM ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titi, kyaftin, wanda babban mai horarwa ne a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa e, aka ci gaba da gudu. Sai kuma jirgin United 173 a Portland ta Amurka a 1978, suna ta kewaye suna binciken matsalar taya har mai ya ƙare, na ƙasa da kyaftin a kokfit sun lura da man amma ba su faɗa da ƙarfin da zai juyo da hankalin kyaftin ba. Daga waɗannan ne horon CRM ya fito, wato horon haɗin kai da magana tsakanin matuƙa a kokfit. Abin da suka koya mana mataki-mataki ne, ka fara da tambaya, in ba a ji ba ka faɗi damuwarka ƙarara da lamba, gudunmu ya wuce da kaza, in ba a ji ba ka faɗi abin da za a yi, in har an kai ƙafa 1000 cikin gajimare ko 500 a sarari jirgi bai daidaita ba to ka kira a fasa sauka a sake zagayowa, kuma wannan kiran haƙƙin kowane ɗaya ne daga cikin matuƙan biyu, ba alfarma ba ce kyaftin yake maka. In abin ya kai ga rai ka ce jirgi na hannuna ka karɓa. Ba tsawa ba rashin kunya, magana ce a daidai lokacinta. Kuma sun koya mana ɗaya gefen, yadda za ka karɓi gyara kai ma ba tare da ka tsaya kare kanka ba, don a rana ɗaya kyaftin zai gyara ka sau da yawa fiye da yadda za ka gyara shi.

Haka suka yi da Air France 447 na 2009, A330 ne da ya faɗa tekun Atilantika da mutum 228. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, otofailot ya saki jirgi, kyaftin yana hutu a baya, ƙaramin matuƙin da ke kujerar dama ya riƙa jan sanda baya har fukafukai suka daina ɗaukar jirgin, kuma da yake sandunan Airbus ba a haɗe suke ba na kusa da shi bai ji a hannunsa abin da ake yi ba. Na ji daɗin yadda malaminmu ya bi da labarin, bai zagi mamaci ba, sai ya sa mu a simuleta cikin duhu ya ɗauke mana ma'aunin gudu ƙararrawa na ta ihu ya ce to bismillah. Nan kowa ya yi shiru. Ka riƙe kusurwar hanci da ƙarfin injin da aka koya maka, ka faɗa da baki wa ke tuƙi, in jirgi ya shiga sitol, wato fukafukai sun daina ɗaukarsa, ka tura hanci ƙasa ko da duk jikinka na cewa ka ja. Sun kuma ba mu lokaci mai kyau na tuƙi da hannu babu otofailot babu mai sarrafa injin da kansa, abin da wasu cibiyoyin ke taƙaitawa don a gama silabos da wuri.

Tashi da sauka da jirgin gaske, guda shida ake buƙata ga mai karɓar nau'in jirgi na farko, jirgi babu fasinja ana ta zagaye fili. Ranar kanta ta yi kyau sosai, jiran ranar ne ya ɓata min rai, don cibiyar ba ta da jirgi nata, haya take, aka yi ta ɗagawa ana cewa mako mai zuwa, kai kuma hannu na sanyi kuɗin masauki na tafiya.

Sai maganar aiki. A talla za ka ga hotunan matasa da farar riga da igiyoyi a kafaɗa, ana cewa muna da alaƙa da kamfanoni. Abin da na samu a zahiri shi ne an gyara min takardar neman aiki, an yi min gwajin intabiyu sau ɗaya, an ba ni jerin adireshin da kowa zai iya samu a intanet. Shi kenan. Aikin da na samu da kaina na nema, na bi layi na yi jarabawarsu kamar kowa. Abin da ya fi ci min rai, wani dillali da ke yawo a harabar yana tallar a biya kamfani kuɗi don a bar ka ka tuƙa jirginsu ka tara awa, wato kai ne kake aiki kai ne kake biya, kuma babu wanda ya kore shi. Ƙannena ku guji wannan, yana karya darajar aikin ga kowa, kuma matuƙin da ya sayi kujerarsa da bashi a wuya yaya zai iya cewa yau ban da lafiya ba zan tashi ba? Ku kuma sani izinin nau'in jirgi wata 12 yake yi, in ba ka samu aiki ba kai za ka sake hayar simuleta ka sabunta, shi ya sa in da hali gara ka samu takardar ɗauka a hannu tukuna, kamfanoni da yawa su suke biyan horon su ɗaure ka da yarjejeniyar wasu shekaru. Wanda kuma Amurka ce a ransa wannan hanyar ba tasa ba ce, tun 2013, bayan haɗarin Colgan Air na 2009, mataimakin matuƙi a manyan jiragen fasinja sai da lasisin ATP, wato ATPL ɗinsu, a ƙa'ida awa 1500, yawanci koyarwa suke yi su tara.

Wani abu da na so su yi bayani ba su yi ba shi ne yadda rayuwar take bayan an ɗauke ka. Za ka fara da tashi da kyaftin mai horarwa da fasinja a baya har a tabbatar ka ƙware, kai ne mai zagaya jirgi a ƙasa cikin ruwa ko rana, kai ne mai shigar da hanya a kwamfuta, duba yanayi, lissafin mai. A wasu kamfanonin dogon zango kamar Cathay Pacific da Qantas ƙaramin mai muƙamin sekan ofisa a sama kawai yake karɓar kujera don manya su huta, ba ya tashi ba ya sauka sai an ƙara masa girma, wannan ya kamata mutum ya sani kafin ya sa hannu a kwantiragi. Dokar Turai ta ƙayyade awa 100 a kwana 28 da 900 a shekara, a takarda kamar kaɗan ne, amma awar tashi kawai ake ƙirgawa a nan, ban da shiri da jira da tashin ƙarfe uku na dare kwana huɗu a jere. Duk wata shida ka koma simuleta a gwada ka, duk shekara likita, kuma albashin shekarun farko in ka ɗora shi a kan bashin horo ba ya barin komai sosai. Ina son aikin nan har raina, ganin fitilun titi sun bayyana daidai inda lissafi ya ce bayan ka fito daga gajimare abu ne da ban gaji da shi ba, amma darasi ɗaya a kan gajiya da barci da yadda ake cewa ban iya tashi yau ba da ya fi min wancan gwajin intabiyun amfani.

In za ka je, kafin ka biya ko sisi ka sa su rubuta maka lokutan simuleta, da ranar tashi da jirgin gaske da abin da zai faru in sun ɗaga, da ko sake zama in ka faɗi yana cikin kuɗin. Ka tambayi su wane ne malaman MCC da irin jiragen da suka tuƙa, ka nemi a bar ka ka zauna a baya ka kalli zama ɗaya. Sannan ka ce su haɗa ka da waɗanda suka gama bara, ba waɗanda hotonsu ke bango ba, 'yan ajin gaba ɗaya, ka tambayi kowa inda yake aiki yanzu.