Gargaɗi kan mai tallan irin fulawar clematis a WhatsApp

Salamu alaikum jama'ar Kumasi, musamman iyayenmu mata na Aboabo da Asawase da Tafo masu son ƙawata tsakar gida. Don Allah duk wanda ya ga tallan wani mutum a WhatsApp ko Facebook wai yana sayar da irin fulawar clematis (wata shuka ce mai hawa katanga) da aka kawo daga Kanada, ya riƙe kuɗinsa tukuna. Hotunan da yake sawa kam masu kyau ne, katanga ta rufe ruf da manyan furanni ruwan shanshanbale, wasu ma kala bakwai a jikin fure ɗaya, sai ya ce wata uku kacal za ta yi fure kuma wai tana son zafin Ghana. Ƙarya ce tsagwaronta.

Yadda yake yi shi ne, za ka tura kuɗi ta MoMo da sunan da ba nasa ba, bayan kwana biyu ya kira ka ya ce kaya sun maƙale a filin jirgi a Accra sai an ƙara kuɗin kwastan, in ka ƙara to ko dai ya rufe lambarka ko ya aiko maka da ɗan ƙulli a leda ta hannun direba a tasha. Wata Hajiya a layinmu ƙullin ta samu, na gani da idona, ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe masu sheƙi, ta shuka a bokiti tana ta ban ruwa safe da yamma, abin da ya fito alefu ne, wallahi alefu irin na miya. Da ta kira shi sai ya ce wai ƙasarta ce ba ta da kyau.

Irin clematis na gaske ba haka yake ba sam. Ƙwayar a baje take, ruwan ƙasa, kuma tana da dogon jela mai gashi-gashi kamar gashin tsuntsu, ko an cire jelar za ka ga gurbin. Sannan ba ya tsirowa da wuri, yakan so ya sha sanyi na watanni kafin ya farka, wani sai ya shekara a cikin ƙasa ko fiye. Su kansu Turawan da ke da sanyin ba ta iri suke yaɗa masu manyan furen nan ba, reshe suke yanka su dasa ko su kwantar da shi a ƙasa har ya yi saiwa, domin waɗannan haɗe-haɗe ne na masu lambu, in ka shuka ƙwayarsu ba lallai ta fito kamar uwar ba. Wanda ya fi shahara, Jackmanii, wani mai lambu George Jackman ne ya haɗa shi a Ingila a 1858. To wanda ya ce maka ga ƙwaya a leda za ta ba ka daidai abin da ke hoto, ai ka san inda ya dosa. Mai kala bakwai ɗin nan kuwa babu shi a duniya, aikin kwamfuta ne.

Kuma ko da na gasken ne aka kawo maka, shukar ƙasar sanyi ce. A Toronto ko Hambog inda 'yan uwanmu suke ganinta a gidajen mutane, lokacin hunturu takan zubar da ganye ta yi kamar ta mutu, ta huta ƙarƙashin ƙanƙara, sai bazararsu ta zo ta farfaɗo, kuma tana son saiwarta a inuwa mai sanyi, kanta a rana. Mu nan ina za mu samo mata wannan? Sanyin hunturunmu na Disamba da Janairu da muke ta neman bargo, a wurinta ko ɗumi bai wuce ba. Ga kuma ruwan jikinta yana sa ƙaiƙayi a fata da baki, mai yara ƙanana da dabbobi a gida sai ya kula.

Batun kwastan ma, shigo da iri ko shuka Ghana sai da takardar izini daga PPRSD, sashen kare tsirrai na ma'aikatar noma. Ku ce ya nuna takardar ku ga yadda zai fara kame-kame.

Mai son abin da zai hau katanga ya yi fure, ga boganbila nan da alamanda mai ruwan ɗorawa a wajen masu sayar da fulawa na bakin titi, ka gani da idonka a cikin leda da ganyenta kafin ka biya. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kar ya goge hirar don jin kunya, ya ɗauki hoton saƙonnin da lambar da ya tura wa, ya kai ƙara wajen kamfanin layinsa da ofishin 'yan sanda, sannan ya kira 292, lambar hukumar tsaron intanet ta ƙasa. A tura wa sauran gurup-gurup na unguwa don Allah, na ji an ce yanzu ya koma tallan irin tulip.