Gahawa ko shayi bayan tiyatar rage ƙiba: wanne ya fi wa ƙaramin tumbi sauƙi?

Hajiya, barka da arziki, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa domin amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce sati biyar ke nan da aka yi miki silif a Istanbul, wato tiyatar rage ƙiba da ake yanke yawancin tumbi a fitar. Da can ba kya fara yini sai kin sha Nescafé sau biyu, likita ya ce ki dakata da gahawa, sai kika koma shayin Lipton, kofi huɗu zuwa biyar a rana, tunda kowa na ce miki shi ba ya komai. Kina so ki san ko shayin ya fi gahawa aminci da gaske, da kuma lokacin da za ki iya komawa gahawarki.

Ni baifas aka yi mini, wato wadda ake barin ɗan ƙaramin tumbi a haɗa shi kai tsaye da hanji, shekara huɗu ke nan, kuma irin wannan musanyar na yi a farko. Abin da na gano shi ne kowannensu yana da inda ya fi ɗan uwansa illa, kuma wurin da shayi ya fi cutarwa shi ne wanda ba a jin zafinsa sai ya yi nisa.

Bari mu fara da lissafin kafeyin, wato sinadarin da ke wartsake mutum ya kore barci, tunda saboda shi aka hana ki gahawar. Ƙaramin cokali ɗaya na Nescafé a kofi yana ba da wajen miligiram 60. Gahawar da aka dafa daga niƙaƙƙun 'ya'yanta, kofi mai cin mililita 240, tana kaiwa wajen 95. Baƙin shayi irin Lipton yana tsakanin 40 da 50, ya danganta da daɗewar jakar a ruwan zafi. Koren shayi wajen 30. Idan kofi da kofi aka gwada, shayi ya fi sauƙi, babu musu. To amma ki lissafa naki. Nescafé biyu a rana wajen 120 ke nan. Lipton biyar ya haura 200. Ashe kafeyin ɗin da kike sha yanzu, da tumbin da bai gama warkewa ba, ya fi wanda kike sha kafin a yi miki aiki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka da takwararta ta Turai sun ce miligiram 400 a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma hukumar Turai ta tsayar mata da 200. Wannan ma'aunin na mai cikakken tumbi ne. Mu da aka yi wa aiki, abin sha yana saurin gangarawa hanji inda jiki ke tsotse shi, shi ya sa da yawanmu kofi ɗaya ke sa mu rawar hannu da faɗuwar gaba irin wanda biyu ba sa sa mu a da.

Dalilin da ya sa asibitoci da yawa ke cewa a bar kafeyin na aƙalla wata ɗaya, wasu har wata uku, yana da kyau ki san shi, domin idan kin san dalili ba za ki yaudari kanki da canza sunan abin sha ba. A silif an yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi an fitar, abin da ya rage siriri ne kamar ayaba, da dogon ɗinki daga sama har ƙasa. Ɗinkin nan yana bukatar makonni kafin ya haɗe sosai. Sannan a kwanakin farko, bugun zuciya da sauri yana daga cikin alamomin da likitoci suka fi tsoro, domin shi ne sau da yawa ke fara nuna cewa ɗinki yana yoyo. Macen da ke shan abin da shi kansa ke sa zuciya gudu za ta iya ɗora laifin a kan shayi ta kwanta, alhali asibiti ya kamata a kai ta. A wannan fuskar shayi da gahawa hukuncinsu ɗaya.

Inda suka fara rabuwa shi ne maganar ƙwannafi, kuma a nan ke ce abin ya fi shafa, ba ni ba. Tumbin silif matsattse ne, abin da ke cikinsa yana saurin tasowa sama, shi ya sa ƙwannafi ya zama babban ƙorafin masu silif, har waɗanda ba su taɓa yin sa ba kafin aiki. Gahawa tana sa tumbi ya ƙara fitar da ruwan tsaminsa, kuma ba kafeyin kaɗai ke jawo haka ba. Tun 1975 aka buga wani bincike a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine da ya nuna gahawar da aka cire wa kafeyin ita ma tana motsa ruwan tsamin nan sosai. Saboda haka wanda ya ce miki ki sayi dikaf, wato gahawar da aka cire wa kafeyin, kin huta, rabin gaskiya ya faɗa miki. Dikaf zai raba ki da rawar hannu da rashin barci, tunda abin da ya saura a cikinsa 'yan miligiram ne, yawanci ƙasa da 15. Ƙwannafin kuwa yana iya biyo ki har can. Shayi mara ƙarfi ya fi kwanciya a cikin yawancin masu silif, muddin ba a jefa masa na'a-na'a ba, domin ita tana sassauta ƙofar da ke tare abin cikin tumbi daga tasowa. Mu masu baifas damuwarmu daban ce. Tumbin da aka bar mana bai wuce girman ƙwai ba, wajen mililita 30, an haɗa shi kai tsaye da hanji, kuma a bakin mahaɗar nan gyambo kan fito. Manyan masu jawo shi su ne taba da magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da aspirin, da ƙwayar cutar H. pylori. Gahawa ba ta cikin manyan, amma wanda gyambon ya riga ya kama zai ji ta kamar an zuba barkono a miki.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki karanta sau biyu, maganar jini. Shayi da gahawa duka suna ɗauke da sinadaran da ke kama ayon ɗin da ke cikin abinci su hana jiki tsotsarsa, kuma ayon, wato sinadarin ƙarfe, shi ne abin da jiki ke gina jini da shi. A wani bincike na 1983 an ba mutane abinci iri ɗaya, wasu da gahawa wasu da shayi. Gahawa ta rage ayon ɗin da jiki ya samu da kashi 39 cikin 100. Shayi ya rage shi da kashi 64. Wannan ɗan baurin da kike ji a harshe idan jakar ta daɗe a ruwa, shi ne mai wannan aikin. Ayon ɗin da ke cikin wake da alayyafo da zogale, da na ƙwayoyin ƙarin jini da aka rubuta miki, shi ya fi kamawa. Na cikin nama da hanta bai cika shafa ba, amma naman nawa ne tumbinki zai ɗauka a watannin nan?

Ki haɗa wannan da halin da aka bar cikinmu a ciki. Ayon yana bukatar ruwan tsamin tumbi kafin ya narke yadda jiki zai karɓa, ga shi an rage tumbin, ga maganin ƙwannafi da ake ba mu na watanni wanda shi ma rage tsamin yake yi. A baifas abin ya fi tsanani, domin farkon hanji, inda jiki ya fi tsotsar ayon da kalsiyam, an kewaye shi gaba ɗaya, abinci ba ya bi ta can. Idan mace tana al'ada kuma, kowane wata akwai asara. Ni da shayi nake haɗiye ƙwayoyina kowace safiya, kusan shekara guda, ina ganin na yi abin kirki tunda na bar gahawa. Gashina ya riƙa zuba, hawa bene ɗaya sai na tsaya haki, na fara sha'awar tauna ƙanƙara ba dalili. Da aka auna feritin, wato ma'ajiyar ayon ta jiki, ya yi ƙasa ƙwarai, sai da aka yi mini ƙarin ayon ta jijiya. Likitar da ta duba ni tambaya ɗaya ta yi: da me kike shan maganin? Ba na so ki bi ta wannan hanyar. Ƙwannafi yana gaya miki da kansa a ranar, ki gyara. Ƙarancin jini sai ya ci watanni yana rarake mutum kafin a farga.

Gyaran ba shi da wuya. Ki sa tazarar aƙalla awa ɗaya, biyu ta fi, tsakanin shayi ko gahawa da abinci, haka tsakaninsu da ƙwayar ayon. Ki sha ƙwayar da ruwa zalla, in an rubuta miki bitamin C ki haɗa su domin yana taimaka mata shiga jiki. Kalsiyam ma ki raba shi da ayon da awa biyu, domin suna danne juna.

Sai abin da ake zubawa a kofin, wanda sau da yawa ya fi ganyen da garin ɓarna. Shayin mai shayi, da madarar gwangwani da sukari cokali uku da Milo a kai, abinci ne guda a siffar ruwa, kuma ruwa ba ya cika tumbin silif ya tsaya, wucewa yake yi. Da irinsa ne mutane ke mayar da kilo goma ba tare da sun ci tuwo ba. Ataya ya fi haka, ganye ya tafasa har ya yi kauri, sukari kamar ba a so, ga zagaye uku. Ƙananan ledojin Nescafé 3 in 1 kuwa, yawancin abin da ke ciki sukari ne da garin madarar kanti, gahawar kaɗan ce. A wurin masu baifas zaƙi irin wannan yana jawo abin da likitoci ke kira dampin: sukari ya afka hanji lokaci ɗaya, cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa da jiri da murɗar ciki da gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jininsa ya faɗi, jiki ya ɗauki rawa. Masu silif ma yana samunsu, sai dai bai kai namu yawa ba. Mutum ya sha irin wannan ya galabaita ya ce gahawa ce ba ta karɓe shi ba, alhali sukarin ne.

Maganar cewa kafeyin yana busar da jiki, an ɗan zuzuta ta. Yana ƙara fitsari kaɗan, wanda ya saba kuma jikinsa ba ya nuna bambanci sosai. Matsalar ita ce gurbi. Ana so ki sha aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, kurɓi-kurɓi, ba tare da abinci ba sai bayan rabin awa, ki kuma samu furotin aƙalla giram 60. Ƙarancin ruwa yana cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane gadon asibiti a watan farko, ballantana kin dawo gida cikin zafin nan. Gahawa da shayi suna kashe jin yunwa, ke kuma a yanzu kina bukatar ɗan abin da kike iya ci ya shiga.

Idan kika rage shayin za ki iya samun ciwon kai, kada ya tsorata ki. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya yi tsanani a kwana ɗaya zuwa biyu, ya tafi cikin kwana tara ko ƙasa da haka. Ki rage kofi ɗaya duk bayan kwana biyu maimakon yankewa lokaci guda. Don Allah kada wani ya miƙo miki Alabukun, aspirin ne da kafeyin a haɗe, abubuwa biyun da ɗinkinki ba ya so. Panadol Extra ma kowace ƙwaya tana da miligiram 65 na kafeyin. Farasitamol zalla shi ne namu, a yadda likitanki ya tsara. Goro ki ajiye shi tukuna, yana da kafeyin da yawa, yana da baurin nan mai kama ayon, ga tauri. Red Bull da ire-irensa, gwangwani mai mililita 250 yana da miligiram 80 ga gas ga sukari, Coca-Cola ma gas ɗin kaɗai ya isa ya kumbura miki ciki.

Da ni ce a matsayinki, a sati na biyar, zan sauko da shayin zuwa kofi ɗaya mara ƙarfi, a tsoma jakar minti ɗaya a cire, da hantsi tsakanin karin kumallo da abincin rana, sauran yinin ruwa ne, wani lokaci mai ɗumi da 'yar citta kaɗan. Gahawa kuma sai likitan da ya yi miki aiki ya sake miki mara, ki tura masa saƙo ki tambaya kai tsaye, ki kuma gaya masa yawan shayin da kike sha domin ƙila bai sani ba. Ranar da ya amince, ki fara da rabin cokali a rabin kofi, ba a kan cikin wofi ba, da madara mara maiƙo ko garin furotin ɗinki idan ruwan ya huce, babu sukari. Ki yi kwana uku kina lura. Idan ƙwannafi ya taso ki koma shayinki mara ƙarfi, idan shiru ki tsaya a kofi ɗaya zuwa biyu, kada ki wuce azahar, domin bayan awa biyar rabin kafeyin ɗin yana nan a jini. A gwajin jinin wata uku ki roƙa a haɗa da feritin, kada a tsaya a awon yawan jini kaɗai. Idan kuwa kika ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko amai da jini, ko ciwon ciki mai tsanani, ko zuciya tana bugawa sama da 120 a minti kina zaune, a kai ki asibiti a daren, a gaya musu irin aikin da aka yi miki da ranar da aka yi shi.