CritiCall: jarrabawar da ake tace masu neman aikin karɓar kiran 911 da ita

Wanda ya nemi aikin ɗakin karɓar kiran gaggawa na 'yan sanda a Amurka ko Kanada, kafin ya ga fuskar masu intabiyu yakan fara zama gaban kwamfuta ya yi CritiCall. Kamfanin Biddle Consulting Group na jihar Kalifoniya ne ya ƙirƙiro ta, hukumomin 'yan sanda da cibiyoyin 911 (lambar kiran gaggawa a can) da yawa kuma suna saye don tace masu nema. A ganinmu jarrabawa ce mai adalci a kan abin da take aunawa, wato kunne da yatsu da tattara hankali. Abin da ba ta aunawa kuma yana da yawa.

Ba takarda ɗaya ba ce ga kowa. Kowace hukuma tana zaɓar sassan da take so, ta kuma yanke makin cin jarrabawar da kanta, shi ya sa wanda ya ci a wannan gari zai iya faɗuwa a na gaba. Akwai karanta taswira, da taƙaita kira, da tuna lambobin da aka nuna na ɗan lokaci, da gwada jerin haruffa biyu a gano inda suka saɓa. Waɗannan wanda ya natsu zai wuce su.

Inda ake zubar da mutane shi ne sashen shigar da bayanai. Za a sa maka abin saurare a kunne, murya ta riƙa karanto suna, adireshi, lambar waya, lambar mota, da lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17, kai kuma kana zuba kowanne a gurbinsa. Kana tsaka da haka sai saƙon gaggawa ya faɗo a allo, a ba ka daƙiƙa 15 ka zaɓi wanda za a tura cikin huɗu: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, motar asibiti, ko ma'aikatan wutar lantarki da ruwa da gas. Muryar ba ta jiranka. Wannan sashe ne ya fi kama da aikin gaske, kuma shi ya sa muke ganin kuɗin hukumomin bai tafi a banza ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan iri biyu ne. Na farko, mutum ya zaɓi amsa da tunaninsa, alhali an ba shi ƙa'idoji tun farko. Wanda ya maƙale a wuri yana buƙatar ceto, na 'yan kwana-kwana ne ko da babu hayaƙi. Fitilar ba da hannu da ta lalace a mararraba, ta ma'aikatan wutar lantarki ce. Haddace ƙa'idojin kafin ka danna fara, domin ba za ka sami sukunin komawa kansu ba. Na biyu, cire hannu daga madannai a riƙa laluben gurbi da linzamin kwamfuta. Saba da maɓallin Tab wajen tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi, da madannan lambobi na gefen dama. Yawancin hukumomi suna neman saurin bugu na kalma 35 zuwa 40 a minti, amma harafi ɗaya da ya kauce a adireshi ya fi jinkiri illa, don a aikin gaske wani titi daban motar za ta nufa.

Raunin jarrabawar shi ne muryar da take sakawa a natse take. Babu mai kuka, babu mai zagi, babu uwar da ta kasa faɗin sunan titinsu don ɗanta ya daina numfashi. Mai saurin yatsu zai iya cin maki mai kyau, ya zo ya daskare a kiran farko. Sannan wanda Ingilishinsa ba a Amurka ya koya ba, kamar 'yan uwanmu da suka je da girmansu, sai ya horar da kunnensa kan yadda ake furta Z da rarrabe B, D da V, da 15 da 50. Sauraron tashoshin rediyon gari da rubuta abin da ka ji nan take sun fi wasu darussan share fage da ake sayarwa a intanet amfani, domin in ban da ƙa'idojin nan, jarrabawar ba ta hadda ba ce.

Saboda wannan giɓi ne intabiyu ke da nauyi. Mutum uku ko huɗu ne sukan zauna, su ba ka yanayi: kira biyu sun shigo tare, wanne za ka fara? Rai yana gaba da dukiya, abin da ke faruwa yanzu yana gaba da wanda ya riga ya wuce, kuma adireshi ake fara tambaya saboda layi na iya yankewa. Za su tambaye ka aikin dare, ƙarshen mako da ranakun hutu, sau da yawa awa 10 ko 12 a zaune. In akwai damar zama a ɗakin ka kalli masu aiki na 'yan awanni, nemi ta kafin ranar.

Bayan nan sai binciken tarihinka, gwajin ji da na ƙwayoyi, a wasu wuraren har da likitan ƙwaƙwalwa da na'urar gano ƙarya. Abin da ka ɓoye a fom ya fi abin da ka aikata saurin fitar da kai, kuma duka matakan sukan ci watanni, don haka kada ka ajiye aikin da ke hannunka sai takardar ɗauka ta iso.