Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar: da wanne za a fara?

Hajiya, kin ce da Hausa kika buɗe baki a unguwar Aboabo ta Kumasi, amma a makaranta Turanci da Twi aka koya miki, har yau ba ki taɓa karanta littafin Hausa daga bango zuwa bango ba. Yanzu ga ɗan'uwa zai je Kano, kina so ya sayo miki ɗaya cikin biyu, Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar, ki karanta, in hali ya yi ki karanta wa yara. Na ga yawancin 'yan ƙungiyarmu sun ce Ruwan Bagaja, wai don ya fi sauƙi da ban dariya. Ni kam Shaihu Umar nake ba ki shawara ki fara da shi, ga kuma dalilina.

Littattafan nan biyu 'yan gida ɗaya ne. A 1933 Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka buga waɗanda suka yi fice a 1934. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, malamin makaranta ne a Katsina a lokacin. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, yana koyarwa a Bauchi. Dukansu sun fito daga kwalejin horon malamai ta Katsina, kuma ba wanda ya kai shekara 25 a cikinsu. Daga baya Imam ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, Ɓalewa kuwa ya zama Firayim Ministan Nijeriya har aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Littattafan ƙanana ne, babu wanda ya kai shafi 100. Har tsarinsu ya yi kama: a kowanne, mutum ne ya zauna yana ba masu saurare labarin rayuwarsa, kuma a kowanne, wulaƙancin da aka yi wa mijin uwarsa a fada shi ne ya tayar da ƙurar. Daga nan kuma kowa ya kama gabansa.

A Ruwan Bagaja, ɗan sarki ne ba shi da lafiya, Liman, mijin uwar Alhaji Imam mai ba da labarin, ya ce da za a samo ruwan Bagaja da ya warke, aka mai da shi abin dariya. Alhaji Imam ya ɗauki sanda ya shiga duniya neman ruwan don ya wanke wa Liman wannan kunya. Amma gaskiyar magana, ruwan hujja ce kawai ta tafiya. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin karon Alhaji, wanda duk garin da aka sauka sai sun haɗu, wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama da ribi. Akwai inda Alhaji ya shiga wani gari yana malantar ƙarya, Zurƙe ya zo zai tona masa asiri, sai Alhaji ya zana wata alama a ƙasa ya ce ya karanta. Zurƙe ya yi ta kiran sunayen haruffa, Alhaji ya ce ai wannan tsayuwar wata ce, mutanen gari kuma suka ga lalle haka wata yake, suka kori mai ilimin suka riƙe jahilin. Wanda ya zauna gaban malami ya karanta Muƙama ta Hariri zai gane inda aka ɗebo wannan salo na mutum biyu masu haɗuwa gari-gari, ɗaya yana shiga rigar yaudara iri-iri. Akwai kuma ƙamshin Dare Dubu da Ɗaya, musamman can gaba inda aljannu suka shigo.

To, a nan ne na rabu da masu cewa ya fi sauƙi. Daɗin Ruwan Bagaja a bakin marubucinsa yake, ba a labarin ba. Karin magana, kirari, habaici, zambo, wasa da harshe, duk a cunkushe, kuma Hausa ce ta ƙasar Hausa ta shekara 90 da suka wuce. Mu nan Kumasi Hausarmu ta yi zaman zango, ta cuɗanya da Twi da Dagbani da Turanci, ta ajiye wasu kalmomi ta ɗauki wasu. Ba aibi ba ne, haka harshe yake in ya yi tafiya. Amma ki duba nauyin da ke kanki a karatun farko. Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnatin Ghana, ko da yake gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shiri da ita, saboda haka idonki bai saba da ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma wanda ya koyi rubutun Twi sai ya ɗan yi kokawa da c da ky da gy kafin su zauna masa. Rubutun boko kuma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai ma'anar jimla ta gaya miki yadda za ki furta. Idan kika haɗa wannan da barkwancin da sai an san karin maganar kafin a yi dariya, za ki tsaya sau uku a layi ɗaya. Barkwanci kuwa in aka tsaya ana yi masa fashin baƙi ya mutu.

Ɓalewa ba haka yake rubutu ba. Jimlolinsa a natse suke, ɗaya na bin ɗaya, kamar malami na magana da almajirai bayan sallar la'asar, kuma dama haka labarin ya fara. Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, kusa da Bauchi, wani ɗalibi ya tambaye shi asalinsa, shi kuma ya warware. Ya tashi maraya a Kagara, uwarsa ta auri Makau, jarumin fada wanda mahassada suka ƙulla wa sharri bayan an dawo daga hari, aka kore shi daga gari. Cikin wannan rikici aka sace Umar yana yaro, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Zare ɗaya ne, ba ya tsinkewa. Ko kin gamu da kalmar da ba ki sani ba, labarin zai ɗauke ki ya wuce da ke, don kina son ki san abin da ya sami yaron.

Ni dai a ganina ba Umar ne ran littafin ba, uwarsa ce. Matar nan ta bar gida ta bi sawun ɗanta har Kano, aka yaudare ta aka sayar, aka ja ta cikin hamada tana baiwa, ba ta daina tambayar inda yake ba. Ba zan faɗa miki yadda suka ƙare ba. Abin da zan ce shi ne, Ɓalewa bai yi kururuwa ba, bai tsaya yana matsa wa mai karatu ya yi kuka ba, ya faɗi abin da ya faru kawai ya wuce, kuma wannan ne ya sa yake zama a ƙirji.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan. Hanyar da aka bi da Umar arewa ta yi, zuwa ƙasashen Larabawa, mu kuwa kakanninmu hanyar Gwanja suka biyo, fataucin goro. Amma Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, babbar kasuwar bayi ce, har yau ana zuwa ganin rijiyoyinta. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne jama'a da yawa suka watse zuwa Kete Krachi da sauran garuruwan kudu, aka ƙara cika zangunan da muke ciki. A gidajenmu ana ba da labarin ayari da madugu da jakuna, ana yin shiru a kan wanda aka ɗauro da igiya a bayan ayarin. Shaihu Umar yana buɗe wannan hira ba tare da an nuna gidan kowa da yatsa ba. Af, ga wani abu: Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga ya bar mana waƙoƙi da tarihi da Larabci da ajami, ya rasu a 1934, shekarar da waɗannan littattafai suka fito. Wato rubutun Hausa ba baƙo ba ne a ƙasar nan, boko ne kawai bai samu gindin zama ba.

Kada ki ɗauka ina cewa Shaihu Umar ba shi da inda za a kama shi. Umar ya cika haƙuri har wani lokaci sai ki ji kamar ki girgiza shi. Duk abin da ya same shi ƙaddara ce, ubangidansa mutumin kirki ne, kuma littafin bai fito ƙarara ya la'anci bautar kanta ba, ya dai nuna miyagun mutane a cikinta. Wasu na ganin wannan rauni ne. Wasu na ganin marubucin ya bar wa wahalar uwar ta yi magana a madadinsa. Ni na fi karkata ga na biyun, amma gardama ce da ta cancanci zama guda na ƙungiya. Ban dariya kuwa kusan babu, mai neman nishaɗi zalla zai ga littafin ya yi masa sanyi.

Batun yara shi ne inda Ruwan Bagaja ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau. An yi shi ne don kunne. Kowane babi yana iya tsayawa da ƙafarsa, a karanta ɗaya yau a ajiye, gobe a ɗora, ga muryoyi da za a kwaikwaya, ga Zurƙe da yara za su riƙa jiran fitowarsa. Sai dai mai karantawa ya zama bakinsa ya faɗa, in ba haka ba yara za su watse su koma kan waya. Shi ya sa nake cewa ki fara gyara idonki da Shaihu Umar ke kaɗai, kina karantawa da ƙarfi ko da a ɗaki ne, don kunnenki ya fi idonki sanin Hausa, shi zai riƙa yi miki gyara. In kika gama, Ruwan Bagaja zai zo miki da sauƙi. Ki dai sani Alhaji Imam ba waliyyi ba ne, ƙarya da damfara ne jarinsa a tafiyar, yana kuma yi wa mutanen ƙauye dariya fiye da kima, don haka za ki riƙa tsayawa kina tambayar yaran ko abin da ya yi daidai ne. Shaihu Umar kuwa, da satar yaro da mutuwa a hamada, na fi so a bar wa waɗanda suka shiga sakandare.

Tunda ƙanana ne, in aljihu zai ɗauka, ɗan'uwan ya haɗo duka biyun, bugun kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, ya kuma buɗe ya duba shafukan kafin ya biya, don akan gamu da kwafin da aka sake bugawa a gurguje, haruffa masu lanƙwasa sun dushe ko shafi ya ɓace, wanda ga mai koyo babbar matsala ce. Shaihu Umar yana da fassarar Turanci ta Mervyn Hiskett ta 1967, akwai kuma fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976, amma ki bar su sai kin gama na Hausar, in ba haka ba ido zai riƙa zamewa wajen mai sauƙi. Kalmar da ta gagare ki, ki rubuta ta a gefe ki kai wa dattawan unguwa, da yawa cikinsu suna nan a bakin tsofaffinmu na Alabar da Asawase ko da matasa sun daina faɗa.