Na kai gatarin aradu da kibiyoyin Agadas an duba min a Jos

Jama'a masu ta tambayata a inbos wai ina na kai duwatsun nan da na sa hotonsu kwanaki, to ga bayanin yadda aka yi, kuma zan faɗi abin da ya burge ni da wanda bai min ba.

Abu huɗu na tafi da su. Na farko gatarin dutse ne da na tsinta a gonarmu lokacin huɗa, baƙi-baƙi haka mai santsi, bai wuce tafin hannuna ba, irin wanda kakanninmu ke cewa gatarin aradu wai tare da tsawa yake faɗowa. Sai kan kibiya guda uku na dutse da wani yayana direba ya sayo min tsaraba daga Agadas. Da farko wani mutum na samu a WhatsApp yana tallan wai yana tantance kayan tarihi, ka tura hoto ka tura kuɗi ya ba ka satifiket. Ko minti goma ba a yi ba ya ce duk na gaske ne sun shekara dubbai, har da tambayar ko zan sayar. Wallahi raina bai kwanta ba, ta yaya za ka san dutse alhali ko taɓa shi ba ka yi ba?

Shi ne aka haɗa ni da wani dattijo a Jos, tsohon ma'aikacin gidan tarihi ne ya yi ritaya, a zauren gidansa yake karɓar mutane. Na zube kayan a kan tabarma ina jira ya ɗauka, sai ya ce "ɗana, kafin in taɓa, a ina ka samu?" Mun fi minti ashirin a kan wannan tambayar kaɗai, zurfin wajen, kusa da rafi ne ko tudu, akwai tsingaro a wajen ko gawayi ko kashin ƙarfe. Na ce Baba ni dai na gan shi a bayan garma na ɗauka na wanke da omo. Ya girgiza kai, ya ce da ban wanke ba, ƙasar da ke maƙale a jiki ita ma shaida ce.

Daga nan ya fito da ɗan madubin nan na maƙeran zinare da tocila, yana haska dutsen ta gefe ba ta sama ba, ya miƙo min ya ce in leƙa da kaina. Bakin gatarin akwai 'yan zane-zane sirara da suka bi ta ko'ina, wasu sun gitta wasu, ya ce haka gugar hannu take in an wasa dutse a kan dutse da yashi da ruwa, amma in gurenda ce ta ci za ka ga layukan sun miƙe sambal a jere kamar an sa rula. Sannan akwai wata 'yar ɓalla a gefe inda garma ta doke shi, cikin ya fi wajen haske sosai, wato fatar dutsen ta daɗe tana canza launi a cikin ƙasa. Ya ce wannan na gaske ne, hannun mutum ne ya yi shi, ba aradu ba.

Shekarunsa fa? Nan ne ya ƙi ba ni lamba, kuma ya yi min bayanin da ya gamsar da ni. Gwajin kabon da muke ji ana auna shekarun abu da shi ba ya aiki a kan dutse, sai abin da ya taɓa rai kamar gawayi ko ƙashi da aka samu tare da shi a waje ɗaya, tunda na riga na ciro shi daga mazauninsa wannan damar ta wuce. Ya tuna min cewa mutanen Nok ma, waɗanda aka fara gano mutum-mutuminsu na yumɓu a 1928 wajen haƙar kuza, suna amfani da gatarin dutse har a zamanin da suka iya narka ƙarfe, kuma masu haƙar kuza sun tono irin waɗannan da yawa kafin Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952.

Kibiyoyin kam biyu jabu ne. Ya goga musu auduga da ɗan sifirit sai ga ta ta yi ruwan ƙasa, shafe ne kawai irin na man takalmi ko baƙin mai, kuma a cikin ramukan ɓantarar akwai ɗan ƙyallin ƙarfe alamar da ƙusa aka danna, bakinsu kuma kaifi kamar reza. Ta ukun ita ce ya ce tana iya zama ta asali, don duk gefenta ya dakushe ya yi sheƙi irin na abin da iska da rairayi suka daɗe suna gogawa, da ma Tenere, hamadar da ke yankin Agadas, ta taɓa zama wuri mai tabkuna da mutane shekaru dubbai da suka wuce. Amma bai yanke ba tunda ba wanda ya san inda aka tsince ta.

Abin da bai min daɗi ba, ba ya rubuta maka komai, ko 'yar takarda, duk sai da na riƙa rubutawa a waya, kuma samun sa a waya aiki ne, sai da na yi sawu biyu. Farashi ma ba ya sawa, ya ce dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana cinikin kayan tarihi barkatai da fitar da su waje ba izini, shawararsa in kai rahoton wurin da na tsinta. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin motata ba.

In za ku je kar ku wanke, ku ɗau hoton abin a inda yake kwance kafin ku ɗaga, ku sa kowanne a ledarsa daban. Ni ranar Asabar zan koma gonar in sa turke a daidai wajen kafin ciyawa ta rufe shi.