A Huaqiangbei sai an gwada ake biya

'Yan uwa, ga labarin sikirin ɗin da na yi muku alkawari.

Na shiga Huaqiangbei, babbar kasuwar kayan lantarki da ke unguwar Futian a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, ina neman ƙaramin sikirin na taɓawa mai inci 2.8. Yarinyar da ke tsaron teburin, da ƙyar in ta kai ashirin, ta ƙi miƙo min kayan. Ta rubuta a wayarta, manhajar fassara ta juya min: da wane allo za ka haɗa shi? Na ce Arduino Uno, wato ƙaramin allon lantarki da ake loda wa umarni ya sarrafa na'ura. Ta dube ni kamar malamar da ɗalibi ya kawo wa allo ba wanki. Uno da bolt 5 yake aika saƙo, ayisin (wato IC, ƙwayar lantarki) ILI9341 da ke tuƙa sikirin kuwa 3.3 yake ɗauka. In ba a sa abin rage wuta a tsakani ba, ko ya fito fari fat ko ya lalace. Ba ta tsaya nan ba. Ƙwaƙwalwar aiki (RAM) ta Uno kilobayit 2 ce kacal, hoto guda mai ɗigo 240 sau 320 kuwa ya haura kilobayit 150, don haka zai riƙa zane yana jan ƙafa. Ta turo min wani allon, ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda da ma 3.3 yake aiki.

Ni da gemuna na yi tsit.

Sai ta jona sikirin a na'urar gwaji, ja ya fito, kore, shuɗi, ta sa na danna kusurwa huɗu da ɗan tsinken roba. Ta yagi takarda ta zana min: taɓawar tana da nata ayisin daban, XPT2046, wayoyin aika saƙo (SPI) ɗaya suke bi da na hoto, amma kowanne da ƙafarsa ta CS, wadda ake zaɓarsa da ita, kuma na taɓawar ba ya jure gudun da na hoto yake yi. Bayan duk wannan ta karɓi kuɗi.

Wallahi raina ya tafi gida, ya kuma ɓaci. A gida mai kaya bai taɓa juya bayan abin da yake sayarwa ya karanta lambar ba, amsarsa ɗaya: sabo ne dal. Ka koma da shi, ya ce kai ka ƙona. Mu masu saye ma da namu, tambaya muke ɗauka abin kunya. Kuma Allah ya sani, masu gyaranmu hannunsu a dalma bai gaza na kowa a nan ba, sai dai kowa ya san abu ya danne, ko yaronsa ba zai nuna wa ba.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Wani in ya ji guda ɗaya kake so, ko ɗago kai ba zai yi ba. Takardun bayani dukkansu da Sinanci suke. Akwai mai ba ka sikirin mai ayisin ST7789 da sunan ILI9341, ka loda manhajar zane ta TFT_eSPI launuka su fito a juye, ka kwana kana zargin wayoyinka. Gaisuwa kuwa babu ita, ka nuna manhajar WeChat a waya ka biya ka matsa. Wani lokaci har kewar mai ce min "yaya iyali" nake yi, ko da zai cuce ni.

Mai son in aiko masa, ya fara gaya min allon da ke hannunsa da bolt ɗinsa.